Bindigar da Ƙasimu Ya Zaɓa wa Yayansa

Ƙasimu yana tsaye a ƙofar rukunin gidajen da yake gadi a Al Wukair lokacin da wayar matarsa ta shigo. La'asar ce, ana irin zafin nan da ko kyanwa ba ta yarda ta taka kwalta. Aikinsa tun da ya zo Doha bai wuce ya ɗaga sandar ƙofa idan mota ta iso ba, ya sauke idan ta wuce. A gidajen nan masu farin fenti ba a taɓa satar ko silifas ba. Yara kan yar da kekunansu a bakin titi, gari ya waye suna nan inda aka bar su.

Rahma ba ta yi sallama ba. Da farko numfashinta kawai yake ji, sama-sama, kamar wadda ta sha gudu.

"Baban Jidda, sun shigo mana."

Bai tambayi su wa ba. Duk ɗan Rafin Kanya ya san su wa ake nufi. Ta ce da rana tsaka suka zo a kan babura, kasuwa tana ci. Ita ta suri Hanif, ta ja hannun Jidda, suka faɗa gonar dawa ta bayan gida, ta kwanta a kansu. Hanif ya fara kuka, ta toshe masa baki da tafin hannu, ta daɗe a haka har ta ji yaron ya yi laushi, ta zaci ta kashe shi da kanta. An kora shanun gida duka. An hankaɗe Inna ta faɗi a kan turmi. An kashe Malam Bello tela a bakin kekensa.

"Yaya Ɗalhatu fa?"

"Ya tsaya a zaure da bindigar Baba. Ya harba sau ɗaya. Yana kiciniyar ɗura albarushi suka harbe shi a hannun hagu. An tafi da shi asibitin birni."

Wata mota ta danna masa oda a baya. Wata mata ce mazauniyar rukunin, ta sauke gilashi kaɗan tana nuna masa sandar da yatsa, wai yalla, ya yi sauri. Ƙasimu ya dube ta, wayar na manne a kunnensa. Ya danna maɓalli, sandar ta ɗaga, ya ma sara mata kamar yadda aka koya musu. Da ta wuce ya shiga ɗan ɗakin gadi ya naushi bango har fatar yatsunsa ta sale.

Bindigar da ake cewa ta Baba tsohuwar harba-ruga ce, ƙirar maƙeran ƙauye, wadda mahaifinsu yake korar birai da ita daga gona. Ita ce abin da gida mai mata da yara da tsohuwa yake da shi. Wannan tunanin ne ya hana Ƙasimu sakat a makonnin da suka biyo. Likitoci sun ceci hannun Ɗalhatu daga yankewa, amma yatsun sun ƙi dunƙulewa, gwiwar hannun kuma ba ta da ƙarfin ɗaga ko butar alwala.

A unguwar Najma Ƙasimu yake kwana, a wani ɗaki da ke saman shagon canjin kuɗi, su da yawa a gadaje masu hawa biyu. Babbansu Haruna ne, direban motar kamfani, wanda ya yi soja a gida kafin ya zo, shi ya sa kowa yake ce masa Saje. Mutum ne mai furfura a gemu da ƙarancin magana. Ya lura Ƙasimu ya daina zama cin abinci da su, ya daina kallon ƙwallo, kullum kansa na cikin waya yana kallon Turawa suna harbi a daji. Wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Saje ya ajiye masa kofin shayin karak a gaba, ya zare wayar daga hannunsa.

"Me kake nema a nan?"

"Bindiga zan saya wa gidanmu."

"A ƙasar nan? Ko kwanson harsashi aka gani a jakarka, kai da ganin Najeriya sai wani ikon Allah."

"Ban haukace ba, Saje. A gida za a saya. Amma ni zan zaɓa, don ba zan bari a sake tura yayana zaure da abin korar biri ba."

"A gidan ma sai da takardar izini. In ba ka da ita, kai ma ɗan ta'adda ne a idon hukuma."

Ƙasimu ya yi wata dariya mara daɗi. "Hukuma. Su waɗanda suka kashe Malam Bello wace takarda suka nuna? Tun azahar ake buga waya ana neman agaji, ba wanda ya zo sai da aka gama jana'iza. Suka zo suka ɗauki hoto suka tafi. Ni da nake so in tsare tsohuwata ni ne zan bi layi ina roƙo."

"Za ka bi kuwa," in ji Saje, bai ɗaga murya ba. "In ba haka ba babu hannuna a ciki."

Ƙasimu ya yi ta huci. Can ya ce ya ji, za a bi ta hanyar takarda, ko da za a shekara. Sai a nan Saje ya gyara zama ya yi masa bayani. Ya ce ya cire ransa daga irin bindigar da ɓarayin dajin suke riƙewa, wannan ba a ba farar hula. Abin da mutum zai iya nema ita ce bindigar farauta mai watsa harsashi, kuma iri biyu ne suka dace da tsaron gida. Akwai wadda ake ce wa famfo, duk harbi ɗaya sai ka ja marikinta na gaba baya ka mayar kafin ta sake tashi. Akwai kuma wadda ake ce wa semi, ita da kanta take tofar da kwanso ta ɗura wani, kai dai ka ja kunama.

"Ni famfo na fi yarda da ita," in ji Saje. "Ba ta da tsirfa. Ko ƙura ko laka, ko harsashin banza, za ta ci. Semi kuwa 'yar gata ce, in ba a goge ta ba sai ta cije maka a lokacin da ka fi bukatarta."

"Da wane hannu Yaya zai ja famfon?"

Saje ya juya kofinsa.

"Akwai filin harbi a bayan gari," ya ce daga baya. "Larabawa suna zuwa wasa, suna harbin faifan laka. Kowa na iya shiga in ya nuna katin zama. Mu je ka riƙe su da hannunka, ka daina zaɓe a waya."

Juma'ar da ta zagayo suka tafi da hantsi. Wurin yana da ciyawa kore shar da rumfuna masu sanyi, ga samari cikin fararen riguna suna raha, wani ma ya zo da ɗiyarsa tana shan askirim tana kallo. Ƙasimu ya tsaya yana dubansu. Bindigogi jere a kan katako, masu ƙyalli, kowace ɗaya ta isa ta hana a taɓa Inna, ga su nan an ajiye don mutane su fasa laka su yi tafi. Ya ji haushin ciyawar ma.

Mai koyarwar wani Balarabe ne ɗan Tunisiya, gajere mai kauri, sunansa Sherif. Ya ba su abin toshe kunne, ya nuna wa Ƙasimu yadda zai tsaya da yadda zai dasa gindin bindigar a kafaɗa. Aka fara da famfo. Harbin farko ya daki kafaɗarsa kamar jaki ya shure shi, faifan ya wuce abinsa. Ya ja mariki, kwanso ya fita, ya sake harbi. Bai sami ko ɗaya ba, kuma bai damu ba, don ba faifan ne ya kawo shi ba.

Sai ya saki hannun hagu ya bar shi yana reto, ya matse gindin bindigar a hamata, ya yi ƙoƙarin jan marikin da hannun dama. Bakin bindigar ya karkata ya nufi rumfar mutane.

Sherif ya yi tsalle ya cafke ta ya ɗaga sama. Fuskarsa ta yi ja. Ya fizge bindigar yana faɗa da Larabci da Turanci a haɗe, yana nuna ƙofa. Khalas, wato shi ke nan, a fita. Mutanen rumfar duk sun miƙe, uban yarinyar ya ja ta bayansa.

Ƙasimu bai ba da haƙuri ba. Shi ma ya hau faɗa da Hausa, yana cewa su me suka sani, su da harbi wasa ne a wurinsu. Saje ya shiga tsakani, ya dafe masa ƙirji ya tura shi baya, sannan ya juya ga Sherif da guntun Larabcinsa na direbobi. Ya nuna hannunsa na hagu, ya lanƙwashe yatsun. Ya ce yayan Ƙasimu ne ɓarayi suka harba a ƙofar gida, shi ya sa Ƙasimu yake so ya gani ko mai hannu ɗaya zai iya.

Sherif ya tsaya yana kallon Ƙasimu, yana numfashi da ƙarfi. Ya ce ko ma mene ne, wanda ya juya bakin bindiga ga mutane ba ya sake taɓa ta a filinsa. Amma bai kore su ba. Ya ɗauko semi da kansa, ya tsaya a layi, ya buɗe tafin hannunsa na hagu ya ɗora ta a kai kawai ba tare da ya riƙe ba, ya matse ta sosai a kafaɗa. Ya harba, ya sake, ya sake, kwansuna suna tsalle gefe, hannun hagun bai motsa ba. Ya ce wa Saje ya fassara: in hannun zai iya zama matashi, to wannan za ta yi. Ba ta dukan kafaɗa kamar waccan. Amma sai an riƙa goge ta, sai an ba ta harsashi mai kyau, kuma sai mutumin ya koya da rana, ba ranar da aka shigo masa ba. Ya ƙara da cewa a nemi mai gajeren hanci, don doguwa ta farautar tsuntsu ce, a cikin zaure sai ta riƙa karo da bango.

A mota Saje ya wanke shi tas. Ya ce da yatsansa ya taɓa kunama da yanzu wata maganar ake yi. Ƙasimu ya ji, bai musa ba, amma zuciyarsa tana wani wuri. Ya gama zaɓe. Semi, mai gajeren hanci. Tun ranar da Rahma ta kira, yau ne ya fara jin ya yi wani abu.

Bai jira sun isa Najma ba, ya kira Ɗalhatu ta bidiyo. Yayan nasa yana zaune a gindin darbejiyar ƙofar gida, ya rame, hannun yana rataye a wuya da ɗankwalin Inna. Bayan gaisuwa Ƙasimu ya zayyana masa komai da zumuɗi, yadda take ɗura wa kanta, yadda ba sai ya yi aiki da hannun hagu ba, yadda za a fara neman takarda ta wurin wani abokin Saje.

Ɗalhatu ya bar shi ya gama.

"Kada ka saya," ya ce.

"Yaya, ban ji ba."

"Ka ji. An yi sulhu. Mai gari da dattawa sun zauna da su a bakin rafi. Za su bar mu mu yi noma, mu kuma mu bar su su ci kasuwa, in kaka ta yi mu girbe musu gonakinsu. Kuma babu bindiga a garin. 'Yan sa-kai sun miƙa nasu. Ta Baba ma na miƙa."

Ƙasimu ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. "Ka miƙa bindigar Baba? Ga wa?"

"Ga wanda aka ce a miƙa wa."

"Ga waɗanda suka harbe ka. Ga waɗanda suka tura Inna kan turmi. Kuma za ku je ku girbe musu dawa kamar bayi. Wannan ne sulhu? Yaya, wannan ai ba sulhu ba ne, kun dai kwanta ne an taka ku."

"Ka iya bakinka, Ƙasimu."

"Ba zan iya ba. Jinin Malam Bello bai bushe ba kun je kuna shan hannu da su. Da Baba yana raye da ya tofa muku yawu."

Saje ya miƙo hannu daga sitiyari ya taɓa masa gwiwa, ya ture. Ɗalhatu ya matso da wayar kusa da fuskarsa. Idanunsa sun kaɗa.

"Da Baba yana raye da yana nan tare da mu, ba ya can cikin sanyin na'ura yana zaɓa mana yadda za mu mutu. Kai ka san yawansu? In suka zo, tun daga rafi har makaranta babura ne. Bindigarka mai ɗura wa kanta, mutum nawa za ta kayar kafin su cinna wa gidan wuta da 'ya'yanka a ciki? Suna shiga gida-gida suna bincike. Gidan da aka ga bindiga, unguwar duka za ta biya. Ka aiko da ita, kai ka yi barci a Doha, mu a yanka mu."

"To sai ku zauna haka?"

Ɗalhatu ya zare hannun daga ɗankwalin da ƙyar, ya ɗaga shi gaban wayar. Ya ƙanƙance, yatsun sun sandare a buɗe, ga tabon ɗinki har gwiwa.

"Yaron da ya yi mini wannan na san shi. Ranar kasuwar da ta wuce ya zo ya tsaya a gabana yana cin rake, ya miƙo mini hannu. Na ba shi. Ka san me na haɗiye kafin na ba shi? Ba ka sani ba. Na ba shi ne don Inna ta kwana a ɗakinta, don matarka ta je rijiya ta dawo. Kai kuma ka kira ni matsoraci."

"Ban ce matsoraci ba."

"Ka ce. Na ji."

Ya kashe wayar. Ƙasimu ya sake kira, ba a ɗauka ba. Ya buga wayar a kan cinyarsa, ya juya yana kallon dogayen gine-ginen da suke wucewa, haƙoransa a cije. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ya rasa inda maganar yayan nasa ta karkace, kuma duk da haka ya kasa yarda da ita.

Fushin ya bi shi wurin aiki. Bayan kwana biyu, da azahar, yana cikin ɗakin gadi ya ji ƙarar babur ta nufo ƙofa da gudu. Wani mai kai abinci ne, da akwati a baya da hular kwano, ya saba ratsawa ta gefen sandar ba tare da ya tsaya ba, kuma Ƙasimu ya saba ƙyale shi. Ranar bai san lokacin da ya fito ba. Ya cafki akwatin ya fizgo, babur ya yi gefe, mutumin ya faɗi a kwalta, shinkafa da miya suka watse. Ƙasimu ya tsaya a kansa ya shaƙe masa kwala yana girgiza shi.

"Gidan ubanka ne? Haka ake shiga gidan mutane? Wa ya ba ka izini?"

Hular ta fita. Wani siririn ɗan Nepal ne, gwiwarsa tana jini, ya haɗa hannuwa biyu yana ba da haƙuri. Ƙasimu ya sake shi. Ya ga mutane sun leƙo ta tagogi, wani yana ɗauka a waya. Ya durƙusa ya fara tattara robobin abincin, mutumin yana ja da baya don tsoronsa.

Kafin la'asar ogan masu gadi ya iso. Ya karɓi rediyon oba-oba da yake aiki da shi, ya ce ya koma ɗaki sai an neme shi. Ya ce ya gode wa Allah mai babur ɗin ya ƙi kai ƙara, da yanzu kafil, ubangidan da ya ɗauko shi aiki, ya sa an yanka masa tikitin gida. Da aka neme shi, ba Al Wukair aka mayar da shi ba. An tura shi gadin wani fili da ake gini a bayan gari, inda babu ɗaki sai rumfar kwano, iska tana watsa masa yashi a ido.

A rumfar nan Rahma ta kira shi. Ta ji labarin faɗansa da Ɗalhatu a bakin Inna. Ya fara yi mata bayanin bindigar, ta katse shi, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Baban Jidda, kai ka zaɓi bindiga, Yaya ya zaɓi sulhu. A cikinku wa ya tambaye ni?"

Ba ta jira amsarsa ba.

"Ni ce na kwanta a kan yaran nan a cikin dawa. Har yau in Hanif ya ji babur sai ya saki fitsari. Jidda ta daina magana sai an matsa mata. Yanzu wai an yi sulhu, mutanen nan suna wucewa ta ƙofar gida suna kallon mata, ɗaya har ya tambayi 'yar wa ce Jidda. Shekararta nawa? Kai kana can kana fushi, Yaya yana nan yana fushi, kowa yana ji da zuciyarsa. Ni ba bindiga nake so ba, ba kuma sulhu nake so ba. So nake in bar garin nan."

"Ya tambayi Jidda?" Ya miƙe tsaye, ya shuri bokitin da yake zama a kai. "Wane ne? Faɗa mini sunansa."

"In na faɗa maka ka yi masa me daga nan? Ka ga irin abin da nake faɗa. Ka zauna ka saurare ni."

Ya zauna a ƙasa. Ta ce ta riga ta yi magana da kawunta Ja'afar da ke Funtuwa, ya ce akwai ɗaki a gidansa, makaranta ma tana kusa. Izininsa kawai take jira, kuma tana roƙonsa kada ya sa ta jira da yawa. Ƙasimu ya rufe ido. Barin gida yana nufin barin gonarsa, da ɗakin da ya gina da gumin gadin nan, da kabarin Baba. Yana nufin waɗancan sun ci. Ya ji ɗacin abin har a harshensa.

"Ku tafi," ya ce. "Ki ce wa Inna ta shirya ita ma."

Inna ta ƙi. Ta ce ba za ta bar ɗanta mai hannu ɗaya a kango ba, inda ya kwana nan za ta kwana. Ɗalhatu ne da kansa ya raka Rahma da yaran tasha ranar kasuwa, ya ɗora musu buhun masara a mota, ya tsaya har ta tashi. Bai aiko wa Ƙasimu ko gaisuwa ba.

Maganar bindiga ba ta mutu ba, ta dai canza gida. Kawu Ja'afar yana cikin 'yan sintirin unguwarsu masu rajista, kuma da ma yana neman izinin riƙe bindiga da sunansa. Ya kira Ƙasimu ya ce ya ji an ce ya yi bincike, wace iri zai nema? Ƙasimu ya gaya masa abin da ya gani a filin harbi, da abin da Saje ya ce game da ƙura da gogewa. Kawun ya ce shi hannuwansa biyu lafiya lau, kuma ba shi da haƙurin goge-goge, famfo zai nema. Ƙasimu ya ce to. Takardar kuwa har aka yi girbi ba ta fito ba, kullum sai a ce ya dawo.

Damina ta wuce, mutanen Rafin Kanya suka girbe gonakin ɓarayi kafin nasu. Ba a sake shiga garin ba, amma an shiga na gaba da su, an kwashi mata. Ƙasimu yana jin labarin a waya a ƙarƙashin rumfar kwano, ya rasa wanda zai zaga.

Wata safiya Inna ta sa aka kira mata shi. Ba ta tsaya dogon gaisuwa ba.

"Ƙasimu, ni na haife ku duka biyun. Ga yayanka nan kusa da ni. Ka gaishe shi."

Aka yi ta kokawa da wayar, sannan ya ji numfashin Ɗalhatu.

"Yaya, ina kwana."

"Lafiya lau."

"Ya hannun?"

"Da sauƙi."

Ƙasimu yana da maganganu cike da baki, na ban haƙuri da na faɗa, ya kasa tantance wanne zai fara fita, sai ya tambayi gero. Ɗalhatu ya ce geron ya yi kyau, wake ne tsutsa ta ɓata. Ya ce ya sa an noma gonar Ƙasimu tare da tasa, an zuba masa nasa a rumbu daban. Ƙasimu ya ce Allah ya saka da alheri. Ɗalhatu ya ce amin, ya ce cajin wayar ya kusa ƙarewa.

Wata babbar motar siminti ta tsaya a bakin fili tana danna oda. Ƙasimu ya sa wayar a aljihu, ya ja ƙyallen wuyansa ya rufe hanci, ya je ya janye mata ƙofar kwanon da ƙarfin da ya fi wanda ake bukata.